Tsohuwar kasuwar manoma: wai da gaske daga hannun manomi kake saya?

Idan mutum ya shiga ɗaya daga cikin tsofaffin kasuwannin manoma na Amurka, irin waɗanda bidiyonsu ke ta yawo a TikTok da Instagram, ya ga tumatir jajir an jera a tebur, ga zuma a kwalba, ga burodi da zafinsa, shin wanda ya miƙo masa ledar nan shi ne ya noma abin da ke ciki? Kuma kuɗin da ya biya, wanda sau da yawa ya ɗara na babban kanti, aljihun wa ya shiga?

A kan wannan ake ta ja-in-ja. Wasu sun ɗauki kasuwannin tamkar wani wuri mai tsarki, duk abin da ka saya a can sabo ne, lafiyayye ne, ba feshi ba taki, kuma wai kana ceton duniya daga ɗumamar yanayi. Wasu kuma sun ce ai duk yaudara ce, tarkon 'yan yawon buɗe ido ne kawai, kayan kanti ake zubawa a kwandon saƙa a ninka kuɗi. Ni dai ina son kasuwannin nan har zuciyata, kuma son ne ya sa nake ganin gara a warware zancen dalla-dalla, don kowane ɓangare yana da ɗan abin da ya kama na gaskiya amma ya saki babban.

Iri uku ne ake kira da suna ɗaya

Ruɗanin daga nan ya faro. Akwai kasuwar da dokarta ita ce ba wanda zai kafa tebur sai wanda ya noma ko ya kiwata ko ya sarrafa abin da hannunsa. Misalinta mafi shahara shi ne Greenmarket ta birnin New York, wadda aka fara a 1976, babbar cikinsu tana ci a dandalin Union Square. A can hukumar kasuwar tana da masu zuwa gona su duba, idan ka ce kana noma tuffa za a je a ga itatuwan, a kwatanta girman gonarka da yawan abin da kake kawowa. Irin wannan yawanci a fili take ci, rana ɗaya ko biyu ko 'yan kwanaki a sati, da yamma a naɗe rumfuna a watse.

Sai ta biyu, kasuwar gari mai gini da rufi, wadda ita ce yawancin mutane ke nufi idan suka ce tsohuwar kasuwa. Central Market ta garin Lancaster a jihar Pennsylvania tun 1730 take ci, ginin jan bulon da take ciki yanzu an yi shi ne a 1889. Reading Terminal ta Filadelfiya ta buɗe a 1893 a ƙarƙashin tashar jirgin ƙasa. Eastern Market ta Detroit tana wurin da take tun 1891. A irin waɗannan za ka samu manomi na gaske, ka samu mahauci, mai kifi, mai cuku, mai kayan ƙamshi, ka kuma samu ɗan kasuwar da ya saro lemo da ayaba daga dila yana sayarwa. Shi wannan ba laifi yake ba, tun asali haka kasuwar take, gari ne ke cefane a cikinta kuma gari na buƙatar ayaba ko da ba a noma ta a jihar.

Ta uku ita ce wadda suna kawai ya rage. Dubi Farmers Market ta Los Angeles, ta mahaɗar titin Third da Fairfax. A 1934 manoma 18 ne suka faka motocinsu a wani fili suna sayar da amfanin gona daga bayan mota. Yau wurin yana nan, cike yake da jama'a, amma akasarinsa wuraren cin abinci ne da kantuna. Wuri ne mai daɗin zuwa, sai dai wanda ya je neman manomi zai sha yawo.

To ka ga tsufan kasuwa abu ne daban, kasancewar manomi a bayan tebur abu ne daban. Sau da yawa ma sabuwar kasuwar da ke ci ranar Asabar a filin ajiye motoci ta fi mai shekara ɗari tsananta doka.

Abin da ya haifar da su tun farko

Labarin Pike Place ta birnin Seattle shi ya fi fito da dalilin fili, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa. A farkon ƙarni na 20 manoman da ke kewayen birnin ba su da hanyar kai wa ga mai saye sai ta hannun dillalai masu manyan rumbuna. Manomi ya kawo kaya, dillali ya karɓa ya sayar, ya cire la'adarsa, ya ce wani sashe ya lalace, abin da ya ga dama shi zai miƙa, wani lokacin manomi ya koma gida da bashi a kansa. A ɗaya gefen kuma matan gida suna kuka da tsada, tsakanin 1906 da 1907 kuɗin albasa ya ninka kusan sau goma. Wato mai noma yana kuka mai ci yana kuka, na tsakiya ne kawai yake dariya.

Wani kansila mai suna Thomas Revelle ya tsaya kai da fata sai an ware wa manoma wuri su sayar da kansu. Ranar 17 ga Agusta 1907 aka buɗe, manoman da suka zo da kekunan dokinsu ba su fi goma ba, jama'a kuwa suka yi musu caa, kafin rana ta take an wawashe komai. Har gobe akwai allo a jikin kasuwar da ke cewa ka zo ka haɗu da wanda ya noma, kuma wannan alƙawarin shi ne tushen abin gaba ɗaya.

Akwai wani ɓangare na tarihin da masu ɗaukar bidiyo ba su cika faɗa ba, kuma ni yana taɓa ni. Kafin yaƙin duniya na biyu kaso mafi girma na manoman Pike Place 'yan asalin Jafan ne. A 1942 gwamnatin shugaba Roosevelt ta ba da umarni aka kwashe su aka tsare a sansanoni, gonaki suka salwanta, tebura suka zama wayam, da yawansu ba su sake dawowa ba. Kasuwar ta yi ta tangal-tangal har a shekarun 1960 aka shirya rushe ta a gina otal da dogayen benaye da wurin ajiye motoci. Wani malamin zanen gine-gine, Victor Steinbrueck, ya jagoranci masu cewa a'a, a 1971 mutanen birnin suka kaɗa ƙuri'a aka bar ta. Da ba don wannan ƙuri'ar ba da yanzu sai dai a hoto.

Yadda suka kusa mutuwa, da yadda suka farfaɗo

Ba Seattle kaɗai ba ce. Abin da ya kwantar da kasuwannin a duk faɗin ƙasar sananne ne. Jirgin ƙasa mai sanyi da manyan motoci masu firji suka sa latas ɗin Kalifoniya ke isa gabashin ƙasar bai yi yaushi ba. Kantin da mutum ke ɗaukar kaya da kansa ya bayyana, Piggly Wiggly a 1916 a Memphis, King Kullen a 1930 a New York. Bayan yaƙi masu hali suka fice daga tsakiyar birane zuwa sababbin unguwanni, kowa da motarsa da firjinsa, cefanen sati guda a wuri ɗaya. Gonakin bakin gari kuma aka yanka su filaye aka yi gidaje. Wa zai tashi da asuba ya je tsohuwar kasuwa?

A shekarun 1970 iska ta juya. Majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 1976 ta ƙarfafa ciniki kai tsaye tsakanin manomi da mai ci. Kalifoniya a 1977 ta fito da tsarin kasuwanni masu takardar shaida, ta kuma sauƙaƙa wa manomi dokokin girman 'ya'yan itace da irin kwalin da dole a zuba su, waɗanda a da suke sa a zubar da kaya mai kyau don kawai bai kai awo ba. Daga nan abin ya yi ta yaɗuwa. Ma'aikatar noma ta ƙasar ta ƙirga kasuwanni 1,755 a 1994, zuwa 2013 sun haura 8,000. A Ingila ma haka, kasuwar manoma ta zamani ta farko a garin Bath aka buɗe ta a 1997, ita kuma Borough Market ta Landan da ke wurinta tun 1756 ta tashi daga kasuwar sari da ta kusa durƙushewa ta koma wurin da masu son abinci ke tururuwa a ƙarshen shekarun 1990.

Shi "abincin kusa" ɗin, ina iyakarsa?

Masu tebura sukan ce kayansu na kusa ne, amma babu ma'auni ɗaya na kusancin, kuma wannan babbar ƙofa ce ta ruɗani. Dokar noma ta Amurka ta 2008 ta ɗauki abu a matsayin na yanki idan bai yi tafiyar mil 400 ba, wato wajen kilomita 640, ko kuma idan a cikin jihar aka noma shi. Ka tuna girman jiha irin Texas ko Kalifoniya sai ka gane yadda ma'aunin yake da faɗi. Wannan ma don wasu shirye-shiryen tallafi na gwamnati aka yi shi, ba wai doka ce da ta hau kan duk mai rubuta allo a rumfarsa ba. A Ingila kasuwanni da yawa suna sa iyakar mil 30 zuwa 50, na Landan sukan kai mil 100 saboda girman birnin.

Sannan ga kayan da aka sarrafa. Mai burodi a unguwar yake gasawa, amma alkamar fa? Mai gahawa a bayan kasuwar yake soya ta, amma ai itacen gahawa ba ya fitowa a Pennsylvania. Ba ƙarya suka yi ba, aikin hannunsu na nan ne, sai dai mai saye ya san wane ɓangare ne na kusa.

'Yan sari cikin rigar manoma

Nan ne masu cewa yaudara ce suke da hujja, kuma bai kamata a share ta ba. A 2010 wani gidan talabijin na NBC a Los Angeles ya bi wasu masu tebura a ɓoye, aka gan su suna loda kaya a manyan rumbunan sari, da aka je gonakin da suka ce nasu ne sai aka tarar da fili ba abin da suke iƙirari. A 2017 shirin Marketplace na gidan CBC a Kanada ya yi irin wannan bincike a kasuwannin lardin Ontario, ya samu masu sayar da kayan sari suna ce wa mutane daga gonarsu ne, har da masu ɓare 'yar takardar da ake mannawa a jikin kaya. Kalifoniya ta mayar da martani da doka a 2014, ta ƙara kuɗin da kowane mai tebur ke biya a rana daga senti 60 zuwa dala 2 don a samu na biyan masu bincike, ta kuma tsananta hukunci a kan mai ƙaryar cewa shi ya noma.

Abin da ke ba ni haushi a wannan ha'incin ba ma kuɗin mai saye ba ne, manomin da ke tebur na gaba ne. Shi ya yi wata huɗu yana fama da ciyawa da ƙwari da ƙanƙara, tumatir ɗinsa wani ƙarami wani karkatacce, kuma sai lokacinsa ya yi zai kawo. Maƙwabcinsa ya je rumbu da ƙarfe uku na dare ya ɗauko kwali hamsin masu kai ɗaya, sumul-sumul, sati uku kafin na kowa ya nuna, ya karya farashi. Mai saye da bai sani ba zai ga kamar na gasken ne mai tsada da rashin iya noma. A haka ake korar masu gaskiya daga kasuwar da don su aka kafa ta.

Amma a yi adalci, sari a kansa ba haramun ba ne a kasuwanni da yawa. Wasu suna barin manomi ya cike teburinsa da kayan maƙwabcinsa in dai ya rubuta sunan gonar, wasu suna da sashen 'yan sari daban. Laifin shi ne ɓoyewa. Kuma gano shi ba wuya sosai, lokaci shi ne babban mai tona asiri. Idan ka ga kankana ko masara ɗanya a Michigan a watan Afrilu, ko abarba da mangwaro a teburin wanda ya ce gonarsa tana bayan gari a arewacin ƙasar, ka san zancen. Leƙa ƙarƙashin tebur ka ga kwalayen, in suna ɗauke da sunan wani kamfani na wata jiha to ka samu amsa.

Tsada, da inda kuɗin ke tafiya

Ma'aikatar noma ta Amurka tana fitar da lissafi duk shekara na yadda dala ɗaya ta abinci ke rarrabuwa, kuma a 2022 abin da ya isa gona wajen senti 15 ne. Sauran ya tafi a sarrafawa, kwali, sufuri, talla, kanti da gidajen abinci. Idan manomi ya sayar da kansa dalar gaba ɗaya a hannunsa take sauka, wannan shi ne babban abin da kasuwar ke yi, kuma ga ƙaramar gona mai eka goma ko ashirin wadda babban kanti ba zai ma saurare ta ba saboda ba za ta iya cika tirela duk sati ba, wannan ne bambancin ci gaba da noma da sayar da gonar.

Sai dai kar a ɗauka duk riba ce. Jiya ya wuni yana girbi da wanki da ɗauri, ya tashi ƙarfe uku ko huɗu ya yi tuƙin awa biyu, ya biya kuɗin rumfa da inshora da mai, ya biya yaron da ke taya shi, ya tsaya awa shida a ƙafa, kuma ranar nan gona ba ta gan shi ba. In aka tashi da ruwa mutane ba su fito ba, latas ba ya jiran Asabar mai zuwa. Aikin da dillali da direba da mai kanti suke yi bai ɓace ba, kansa ya dawo.

To kayan sun fi tsada ne? Ya danganta, kuma duk wanda ya ba ka amsa ɗaya bai yi cefane a can ba. Kayan lambu a tsakiyar kakarsu, lokacin da kowa ke da tumatir da kabewa da tuffa har sun yi yawa, sukan yi daidai da kanti ko ma su fi sauƙi, musamman ga mai sayen kwando guda. Ƙwai da nama da cuku da zuma kuwa kusan kullum sun fi tsada, don mai kaji ɗari uku a fili ba zai taɓa yin gasa da mai kaji dubu ɗari a rufe ba. Unguwa ma tana da tasiri, Eastern Market ta Detroit ranar Asabar kasuwar cefane ce ta kowa da kowa, wata kasuwar kuma a unguwar masu kuɗi farashinta sai ka riƙe baki.

Wannan ya kawo zargin cewa abin na masu hali ne, kuma zargin yana da tushe. Lokacin da aka mayar da tallafin abinci na talakawa daga takarda zuwa kati, manoma da yawa ba su da na'urar karɓar kati a fili, sai talaka ya daina zuwa. An ɗauki shekaru ana gyara wannan, yanzu kasuwanni da yawa suna da tebur guda inda za a goga katin a ba ka 'yan ƙwandaloli na katako ko takarda ka yi cefane da su. A 2009 wata ƙungiya a Michigan, Fair Food Network, ta fara shirin Double Up Food Bucks a Detroit, inda in ka kashe dala goma ta tallafi a ƙara maka goma ta kayan lambu, kuma jihohi da yawa sun kwaikwaya. Tun 1992 ma akwai takardun cefane a kasuwar manoma da ake ba mata masu ciki da masu ƙananan yara. A ganina wannan shi ne ma'aunin kasuwar kirki, ka duba ko akwai teburin nan, ka duba ko akwai layi a gabansa.

Maganar muhalli da lafiya, inda aka fi zuzutawa

Mutane da yawa sun yarda cewa nisan da abinci ya yi shi ne babban laifinsa ga yanayi. Lissafi bai goyi bayan haka ba. Wani bincike da Weber da Matthews na jami'ar Carnegie Mellon suka fitar a 2008 ya nuna cewa a hayaƙin da abincin gidan Ba'amurke ke jawowa, kusan kashi 83 cikin ɗari daga noman kansa ne, sufuri gaba ɗaya kashi 11, kai kaya daga mai noma zuwa kanti kuwa kashi 4 kacal. Wato abin da ka ci ya fi inda ya fito nauyi, naman sa na bayan gari ya fi waken da ya tsallako teku a jirgin ruwa hayaƙi nesa ba kusa ba. Tumatir ɗin da aka noma a ɗakin gilashi mai ɗumama da gas a Ingila cikin hunturu zai iya fin wanda aka ɗauko daga Sifaniya. Inda nisa ke da illa sosai shi ne kayan da ake ɗaukowa a jirgin sama.

Haka zancen feshi. Ƙaramar gona ba ta nufin ba a sa magani ko takin zamani ba. Noma ba sinadari yana da takardar shaida ta gwamnati tun 2002, wasu ƙananan manoma suna bin ƙa'idar amma ba su nemi takardar ba saboda kuɗi da wahalar cike-cike, wasu kuma suna feshi kamar kowa. Tambaya ce kawai za ta raba. Kuma dole a wanke kayan, ƙwayar cuta ba ruwanta da girman gona. Madarar da ba a dafa ba, wadda wasu jihohi suka yarda a sayar wasu suka hana, tana da haɗari na gaske ga yara da masu ciki da tsofaffi.

Abin da ba a zuzuta ba shi ne ɗanɗano. Tumatir ɗin kanti ana tsinke shi bai nuna ba, kuma irinsa an zaɓe shi ne don ya jure hanya. Na kasuwa ya nuna a jikin uwarsa, jiya aka cire. Za ka ga irin tuffa da wake da dankali da ba za ka taɓa gani a kanti ba saboda fatarsu ba ta jure tirela, kuma in ba don masu saye a nan ba da an daina shuka su.

'Yan kallo da 'yan cefane

Yanzu ga matsalar da ta fi damun tsofaffin kasuwannin, kuma ta shafi duk mai niyyar zuwa. Pike Place tana karɓar mutum sama da miliyan 10 a shekara. Akasarinsu sun zo ganin masu sayar da kifi da ke jefa wa juna kifin ne da layin tsohon shagon gahawa na Starbucks, su ɗauki hoto su sayi abin ci a hannu su wuce. Baƙon da ke kwana a otal ba zai sayi kabeji ba, ina zai dafa? Mutumin gari kuma da zai saya ya ga cunkoso ya fasa zuwa. Sai mai dafaffen abinci ya yi ta ciniki, mai ɗanyen kaya yana kallon dubban mutane suna wucewa suna ɗaukar teburinsa hoto, a hankali kuɗin haya ya bi cinikin mai dafaffe, manomi ya tattara ya koma ƙaramar kasuwar unguwa inda mutum ɗari biyar ne ke zuwa amma kowa da jakarsa. Borough Market ma tana fama da irin wannan.

Masu kare yawon buɗe ido suna cewa kuɗin baƙi ne ke gyara rufin ginin da biyan ma'aikata, kuma gaskiya ne, tsohon gini yana cin kuɗi. Ni dai ina ganin hukumar kasuwa ce ya kamata ta riƙe linzami, ta ware tebura ga manoma a farashi mai sauƙi ko da mai soye-soye zai biya ninki uku, in ba haka ba za a wayi gari da ginin da sunan amma ba kasuwar.

Shi kuma mai ziyara akwai abin da ke hannunsa. Ka duba ranakun ci tukuna, ta Lancaster misali Talata da Juma'a da Asabar ce kawai. Ka je da sassafe, lokacin masu dafa abinci na gari da tsofaffin kwastomomi suke zuwa, mai tebur yana da sararin magana. Ka zagaya sau ɗaya kafin ka ciro kuɗi. Ka tambaya cikin mutunci, ina gonar take, yaushe aka cire wannan, me zai fito sati mai zuwa, manomi na gaske zai ba ka amsa har ka gaji, wanda ya saro kuwa zai yi ta kame-kame. Ciniki irin na a rage mini ba a cika yinsa a can ba, sai dai in kana sayen da yawa ko kasuwa ta kusa tashi. Kar ka matsa 'ya'yan itace da yatsa, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum hoto, musamman 'yan Amish, wata ɗarikar Kiristoci ta yankin Lancaster, da addininsu bai yarda da a ɗauki fuskarsu ba. Wanda ba ya cin alade ya tambayi abin da ke cikin kayan gashi da tsiran nama, don girkin gargajiya na yankin yana yawan amfani da kitsensa. In ba ka da wurin girki akwai tuffa, akwai zuma, akwai cuku da burodi, duk suna shiga jaka kuma kuɗinsu na zuwa inda ya dace.

Wani abin da ke tafe wanda ba hukuma ba baƙo da zai iya magance shi cikin sauƙi shi ne su wa za su tsaya a bayan teburan nan gaba. Ƙidayar noma ta Amurka ta 2022 ta nuna matsakaicin shekarun manomi ya kai 58, filin noma na kusa da birane kuma shi ne mafi tsada saboda masu gini na zawarcinsa. Sababbin masu shigowa da yawa baƙi ne da suka yi ƙaura daga wasu ƙasashe da 'ya'yansu, 'yan ƙabilar Hmong ta kudu maso gabashin Asiya a Minnesota da Seattle, 'yan Meziko a Kalifoniya, kuma yawancinsu hayar gona suke yi shekara-shekara, ba su da tabbacin mai filin ba zai sayar ba kafin damina ta gaba.